Shekara 21 a Bakin Benci: Labarin Ciwon Bayana

Ina da shekara 14 mahaifina ya kama hannuna ya kai ni shagon wani tela a unguwarmu da ke cikin birnin Kano, ya ce da shi ga amana nan, a koya mini sana'a. A shekarar 1998 ke nan. Shekarar farko ban taɓa keke ba, aikina shi ne shara da aike da sa maɓalli da hura gawayin dutsen guga. Ranar da maigidana ya ce in hau keken ɗinki ban yi barci ba saboda murna, amma bencin da aka ba ni an yi shi ne domin manya, kuma idan na zauna daidai ƙafata ba ta kaiwa feda. Saboda haka sai na riƙa zama a bakin bencin, ina taka feda da ƙafar dama kaɗai, ta hagu kuwa na lanƙwashe ta na cusa a ƙarƙashi, sannan in turo ƙirji gaba in karkatar da kai domin in ga bakin allura. Maigidana, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai tsanani a kan aiki, yana iya sa ka warware ɗinkin kaftani sau uku idan layin ya kauce, amma bai taɓa cewa komai a kan zamana ba, domin shi ma haka yake zama, haka kuma ya ga nasa maigidan yana yi. Na girma, ƙafata ta kai feda har ta yi saura, amma wancan zaman ya riga ya bi jikina, ban sake shi ba har shekara 21.

Na buɗe shagona a 2008, na yi aure bayan shekara biyu, kuma Allah ya sa wa hannuna albarka. Duk wanda ya san sana'armu ya san cewa shekarar tela tana cikin watan azumi ne. Daga tsakiyar Sha'aban ake fara jibge mana shadda da yadi, masu sayowa daga Kantin Kwari suna shigowa da ledoji kowa yana cewa nasa ne na gaggawa, mu kuma ba ma iya cewa a'a, domin abin da aka samu a wannan wata shi ne kuɗin hayar shago da na kayan sallar iyali da abin da za a lallaɓa da shi har babbar salla. A irin waɗannan kwanaki nakan zauna a kan keke daga bayan sallar asuba har ƙarfe biyun dare, ba na tashi sai domin salla da buɗa-baki. A lokacin ina ganin wannan jarumta ce, har ina yi wa yaran shago gori idan na ga ɗayansu ya miƙe yana miƙa.

Jiki magayi ne, sai dai ni ban saurare shi ba. Abin da na fara lura da shi shi ne, idan na daɗe a zaune na zo tashi, ba na iya miƙewa kai tsaye, sai na yi taku uku ko huɗu a sunkuye kamar tsoho kafin kwankwasona ya saki. Bayan haka sai abokaina suka fara zolayata cewa na ajiye tumbin kuɗi, alhali ni siriri ne, cikin ne kawai ya turo gaba, mazaunaina kuma suka turo baya. Akwai wata alama da har yau nake mamakin yadda ta wuce ni, ni da awo ne sana'ata: duk wandon da na ɗinka wa kaina, sai na rage ƙafar dama da kusan rabin inci, in ba haka ba sai ta riƙa jan ƙasa. Shekara da shekaru ina yin wannan gyara ina ɗora laifin a kan yanka, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina dalilin da ya sa wandunan mutane suke fita daidai nawa kaɗai yake karkacewa ba.

Wajen 2013 ciwon ya zauna sosai. Wani nauyi ne a ƙasan baya, daidai inda tazugen wando yake zama, ya fi ƙarfi a ɓangaren dama, wani lokaci ya gangaro cikin ɗuwawu. Tsayuwa mai tsawo tana tayar da shi, kwanciya rigingine da ƙafafu a miƙe tana tayar da shi, kuma da safe nakan ji kamar an ɗaure mini ƙugu da igiya. Duk wanda na faɗa wa, amsa ɗaya ce: basir ne. A ƙasarmu kusan babu ciwon bayan da ba a jingina wa basir ko sanyi, kuma masu magani a bayan mota da lasifika suna lissafa alamominsa ta yadda duk namijin da ya ji zai ce da shi ake. Na bar shan zaƙi, na bar maiƙo, na sha jiƙe-jiƙe masu ɗaci iri-iri, wasu suka sa ni gudawa har na galabaita, aka ce ai dattin ne yake fita. Wanzami ya yi mini ƙaho a gadon baya ba sau ɗaya ba, nakan ji sauƙi na kwana biyu ko uku, sannan ciwon ya dawo mazauninsa. Na je wurin wani maɗori a wajen gari, ya kwantar da ni ya danna bayana har ya yi ƙara, ya ce ƙashi ne ya goce kuma ya mayar da shi. Ba ina faɗar wannan domin in raina kowa ba ne, yawancinsu da kyakkyawar niyya suka yi, kuma ni ne na kai kaina. Abin da nake nema a wurinsu duka abu ɗaya ne, wato wanda zai cire mini ciwon a zama ɗaya domin in koma kan bencina in ci gaba da zama yadda na saba.

Da waɗannan suka gaza sai na koma kemis. Diclofenac ya zama abokin tafiyata, ina sha da safe ina sha da dare, idan abin ya yi tsanani in je a yi mini allurarsa. Babu likitan da ya rubuta mini, kuma babu wanda ya gaya mini cewa irin wannan magani yana cin bangon ciki, yana kuma iya taɓa ƙoda idan aka daɗe ana sha.

A azumin 2019 ne abin ya kai ni ƙasa. Saura kwana goma salla, ina da kaya fiye da kala 40 da ban taɓa ba, cikinsu har da na wani ango da abokansa. Wajen ƙarfe ɗayan dare almakashi ya faɗi, na sunkuya daga kan benci zan ɗauka, sai na ji kamar an soka mini wuƙa a kwankwaso. Ban iya miƙewa ba, ban kuma iya komawa zaune ba, sai na sulale ƙasa a cikin ƙyallayen yadi. Yarana biyu ne suka ciccibe ni, ɗayansu yana ta cewa, "Maigida, sannu, Maigida, ko a kira gida?" A cikin adaidaita sahu aka kai ni gida ina kwance a kan cinyoyinsu, kowane rami muka faɗa sai na yi salati da ƙarfi.

Kwana tara na yi a kwance. Abin da ya fi ciwon zafi shi ne sallamar masu kaya a ƙofar gida. Mutane sun riga sun yi wa teloli shaidar saɓa alkawari, saboda haka da yawa ba su yarda cewa ciwo ne ya kwantar da ni ba, wani ma ya ce da ƙanena ai wannan tsohuwar dabara ce. Na sa aka rarraba wasu kayan ga abokan sana'a, na biya su daga aljihuna, wasu kuma aka mayar wa masu su ba a ɗinka ba. Mutumin da na yi wa ɗinki shekara takwas ya karɓi shaddarsa bai ce mini ko sannu ba, kuma bai sake dawowa ba. Ranar salla ina kwance ina jin kabbarar masu tafiya idi, 'yata mai shekara uku ta shigo da sabuwar rigarta ta ɗaga hannu tana cewa, "Baba, ɗauke ni." Na ce mata ta je wurin mamanta, na juya fuskata bango domin kada ta ga hawayena.

Akwai abubuwa biyu da na yi a wannan lokaci da nake jin kunyarsu, amma zan faɗe su domin na san ba ni kaɗai ba ne. Na farko, na zargi wani maƙwabcina a sana'a da cewa shi ya yi mini asiri, ba don komai ba sai don mun taɓa samun saɓani a kan wani mai kawo ɗinki, kuma wasu suka yi ta zuga ni cewa ruwa ba ya tsami banza. Na daina amsa gaisuwarsa da sakin fuska, alhali yana cikin waɗanda suka karɓi kayana suka ɗinka. Na biyu, wani yaro ya kawo mini tramadol ya ce masu aikin ƙarfi da ita suke yini, na sha na kwana huɗu, kuma gaskiya ta ɗauke mini ciwon har da damuwar. Wannan daɗin da na ji shi ne ya tsorata ni, domin na ga yadda ƙwayar ta mayar da wasu samarin unguwarmu. Matata ce ta ga sauran a ƙarƙashin matashi, ba ta yi mini faɗa ba, ta dai ce, "Malam, idan ka bi wannan hanya, mu wa ka bar wa?" A gabanta na zubar da su.

Da na fara fita sai na koma yin salla a kan kujera. Na san hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa ya yi salla a tsaye, idan ba zai iya ba ya yi a zaune, idan ba zai iya ba ya yi a kan gefensa. Na san sauƙi ne daga Allah. Duk da haka, mai shekara 35 ya ja kujerar roba zuwa ƙarshen sahu ya zauna tsakanin dattawa masu shekara 70 abu ne mai nauyi a zuciya, kuma ciwon baya ba ya kumbura, ba ya jini, ba a naɗa masa bandeji, saboda haka mai kallonka gani yake lafiyarka ƙalau. Har a tsakanina da iyalina ciwon ya shiga, ta fuskar da namiji ba ya son faɗa, kuma shirun da na yi a kan hakan ya fi ciwon kansa wahalar da ita.

Ba bayan ne ya kai ni asibiti ba, ciki ne. Shan diclofenac a lokacin sahur, sannan in yini babu komai a ciki, ya jawo mini gyambon ciki, har na fara ganin bayan-gidana ya yi baƙi. Likitan da ya duba ni ya hana ni maganin nan take, ya ɗora ni a kan na gyambon, sannan ya tambayi dalilin da ya sa nake shan sa. Da na ba shi labari sai ya jero mini tambayoyi: ko ina jin dindiris a tsakanin cinyoyina, ko fitsari ko bayan-gida yana kufce mini ko yana ƙin fita, ko ƙafata tana rasa ƙarfi, ko ina zazzaɓi da zufar dare, ko ina ramewa ba dalili, ko na taɓa yin tarin fuka, ko na taɓa faɗuwa ko haɗari. Ya ce duk mai ciwon baya da yake da ɗaya daga cikin waɗannan bai kamata ya kwana a gida yana jiran sauƙi ba, domin akwai ciwon bayan da tarin fuka na ƙashi ne, akwai wanda jijiyoyin laka ne suka matse. Ni ba ni da ko ɗaya. Aka yi mini hoton ƙashi, ya ɗaga ya duba ya ce babu karaya, babu gocewa, babu wani abin tsoro. Maimakon in yi murna sai raina ya ɓaci, domin na so a nuna mini wani abu a cikin hoton da zan kai wa masu cewa ƙarya nake yi. Ya rubuta mini takarda zuwa sashen fisiyo, wanda mutanenmu suke kira gashin ƙashi, na karɓa ina ganin sallamata kawai ya yi.

Likitan fisiyon matashi ne, ina jin na girme shi. Bai fara da wata na'ura ba, sai ya ce in tsaya yadda na saba tsayawa, ya zagaya ni yana kallo, ya ɗora yatsunsa a kan ƙasusuwan ƙuguna ta gaba da ta baya, ya sa na yi tafiya, ya sa na tsaya da ƙafa ɗaya. Da na tsaya a kan ta hagu sai ƙuguna ya zube gefe, na yi tangaɗi. Sannan ya kwantar da ni a bakin gado ya ce in rungume gwiwa ɗaya a ƙirji in saki ɗaya ƙafar ta sauka. Cinyar da na saki ta ƙi kwanciya a kan gadon, ta tsaya a sama kamar an riƙe ta da igiya. Ya auna ƙafafuna da tef ya ce tsawonsu ɗaya ne. Daga nan ya ce, "Malam, mece ce sana'arka, kuma nuna mini yadda kake zama a wurin aiki." Na ja kujera na zauna a bakinta, na cusa ƙafar hagu a ƙasa, na turo ƙirji. Ya yi murmushi ya tambaye ni shekara nawa na yi a haka.

Bayanin da ya yi mini shi ne karo na farko da wani ya gaya mini abin da ke faruwa a jikina da harshen da na gane. Ya ce in ɗauki ƙashin ƙugu kamar ƙwarya cike da ruwa, ƙashin baya kuma a kanta yake tsaye. Tsokoki ne suke riƙe da ƙwaryar ta kowane ɓangare. Akwai wata tsoka mai zurfi da ta taso daga jikin ƙasusuwan ƙasan baya guda biyar, ta ratsa ta cikin ƙugu ta kama saman ƙashin cinya, aikinta ɗaga cinya zuwa ciki. Mai dogon zama yana ajiye wannan tsoka a tanƙwashe yini guda, har ta saba da gajarta, idan ya miƙe sai ta ja ƙwaryar ta tuntsura gaba, kwankwaso ya ƙara lotsawa ciki, tsokokin ƙasan baya su ɗaure suna aikin da ba ya ƙarewa. A ɗaya ɓangaren kuma tsokokin ciki da na mazaunai, waɗanda ya kamata su ja ƙwaryar su mayar da ita, sun yi rauni saboda an daina sa su aiki. Ni kuma na ƙara da karkata gefe, domin ɓangare ɗaya ya shekara 21 yana taka feda, ɗayan yana naɗe a ƙarƙashin benci, shi ya sa ƙugun ya ɗaga ta gefe guda har wando yake nuna kamar ƙafa ɗaya ta fi gajarta. Ya ce wani likita ɗan ƙasar Cek mai suna Vladimir Janda ne ya shahara da bayanin wannan yanayi, inda tsokoki masu ɗaurewa da masu rauni suke gicciye da juna.

Ina jin haka sai na ce, "Likita, ai wannan zaren sama da zaren ƙasa ne." Duk tela ya san cewa idan zaren sama ya yi tsauri na ƙasa ya yi sako-sako, yadin zai tattare, kuma ko ka goge shi sau goma ba zai kwanta ba sai ka daidaita zaren. Na gane cewa shekara shida na yi ina guga. Ya yi dariya ya ce kusan haka ne, amma ya ja mini kunne a kan abu ɗaya, wanda daga baya na ga muhimmancinsa: mutane da yawa ƙugunsu yana da irin wannan karkata kuma ba sa jin ciwon komai, saboda haka kada in ɗauki kaina a matsayin wanda ya lalace. Abin da ya tara mini ciwo shi ne haɗuwar abubuwa, wato dogon zama a yanayi ɗaya, raunin tsoka, ƙarancin barci, damuwa, da kuma tsoron motsi da ya kama ni tun daren da na faɗi. Ya ce kwanciyar da nake yi ina lallaɓa bayan kamar ƙwai tana ƙara masa rauni ne.

Na tambaye shi maganin da zai rubuta mini, ya ce motsa jiki. Ya koya mini in durƙusa a kan gwiwa ɗaya, ɗaya ƙafar a gaba, in matse ɗuwawu in tura ƙugu gaba a hankali har in ji gaban cinya yana buɗewa, in riƙe na daƙiƙa 30. Ya koya mini in kwanta rigingine in tanƙwashe gwiwoyi, in manna kwankwaso da tabarma, sannan in ɗaga ƙugu sama da ƙarfin mazaunai. Akwai wanda nake yi a yanayin rarrafe, in miƙa hannun dama da ƙafar hagu a tare sannan in sauya, akwai kuma wanda nake kwanciya a gefe in ɗaga ƙafa. Waɗannan ni aka zaɓa wa su bayan an duba ni, kuma na ga wasu a sashen da aka ba su akasin nawa, domin nasu ƙugun baya ya karkata ba gaba ba. Ya ƙara da cewa in riƙa tashi daga kan keke duk rabin awa, in kuma riƙa tafiya a ƙasa kullum.

Na raina abin ƙwarai. Mutumin da ya sha ɗaci, aka tsaga masa baya, aka yi masa allurai, a ce masa waraka tana cikin birgima a kan tabarma, sai ya ga kamar wasa ake yi da hankalinsa. Ranar farko ma na kasa ɗaga ƙuguna sau goma, bayan cinyata ya ɗaure, na ji kunyar yadda tsokar da nake zama a kanta kullum ta zama ba ta da wani ƙarfi. Makonni biyun farko ciwon ya ɗan ƙaru. A mako na shida ne na lura cewa na tashi daga kan benci na miƙe ba tare da takun tsofaffin nan ba, kuma a wata na uku na yi ruku'u da sujada a cikin sahu. Ban gaya wa kowa ba, na dai mayar da kujerar robar inda na ɗauko ta.

Daga nan sai na yi kuskuren da nake jin yawancin masu irin ciwona suna yi: da na ji sauƙi sai na daina. Na ce ai na warke. Da aka rufe Kano a watan Afrilun 2020 saboda korona, na dawo da keke gida na ci gaba da ɗinki a kan wata 'yar kujera, babu fita, babu tafiya, ga tunanin abin da za a ci. Kafin salla ciwon ya dawo kamar bai taɓa tafiya ba. Wannan karon ban nemi mai ƙaho ba, ban kuma zargi kowa ba, na shimfiɗa tabarma na koma farko. A nan ne na yarda cewa abin da aka ba ni ba magani ne da ake shanyewa a jefar da kwalba ba, wani sashe ne na yinina kamar wanka da cin abinci. Na kuma je na sami maƙwabcin nan nawa na nemi gafararsa. Bai ma san na zarge shi ba, ya ce, "Haba ɗan'uwa, Allah ya yafe mana baki ɗaya," kuma wannan amsa ta fi zagi yi mini nauyi.

Na sauya abubuwa da dama a shago. Na sa kafinta ya yi mini kujera mai majingina daidai tsawon ƙafata, na koyi taka feda da ƙafa biyu, abin da ya ɗauke ni kusan wata guda kafin layin ɗinkina ya koma daidai. Na ɗaga teburin yanka domin in daina sunkuyawa, na kuma mayar da wurin guga can ƙarshen shago da gangan, ta yadda dole in tashi in taka. Mafi wuya shi ne koyon cewa a'a. Yanzu idan azumi ya kai goma na rufe karɓar ɗinki, ko wane ne ya zo, kuma na yi asarar masu kawo aiki saboda haka. Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tsada, sai na fara zuwa shago a ƙasa, tafiyar kusan minti 35, kuma abin da ya zo mini a matsayin matsi ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi taimakon bayana.

Daga baya na ga alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya cewa mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon ƙasan baya a shekarar 2020, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na masu shi ba a samun wata cuta takamaimai da za a nuna a ce ita ce sanadi. Da na karanta sai na tuna fushin da na yi a kan hoton ƙashina. A watan Disambar 2023 hukumar ta fitar da shawarwari a kan ciwon bayan da ya wuce wata uku, inda ta goyi bayan wayar da kan majiyyaci da motsa jiki, ta kuma ce kada a dogara da ɗamarar baya ko magunguna masu sa maye irin wanda na kusa faɗawa. Ɗamarar nan ma na saya har guda biyu a shekarun baya, suna nan a ƙasan akwati.

Ba zan ce na rabu da ciwon baya ba. Idan na yi doguwar tafiya a mota, ko na yi sakaci da tabarmata na mako guda, yakan leƙo ya tuna mini da kansa, amma yanzu kwana biyu ko uku yake yi ya wuce, kuma ba ya firgita ni. Ina ɗaukar ƙaramin ɗana a kafaɗa, ina tsayuwar tarawihi, wandon da na ɗinka wa kaina a bana kuma ban rage masa ƙafa ba. Wata uku da suka wuce wata mata ta kawo mini ɗanta mai shekara 13 ta ce ga amana nan. Da lokacin hawansa keke ya yi, na juya na gan shi a bakin benci, ƙafar dama a kan feda, ta hagu a cushe a ƙasa, ya karkatar da kai yana leƙen allura. Na ce masa ya sauka, na ɗauko tef na auna daga gwiwarsa zuwa ƙasa, na rubuta a bayan littafin awo, sannan na aike shi wurin kafinta da takardar.